Manhajar da Ba Ta Tura Saƙo

Tun ranar da 'yan bindiga suka tare mu a hanyar Tsafe zuwa Gusau ban sake shiga motar haya ba. Har yanzu in babur ya yi ƙara a bayan gida sai in tashi in rufe ƙofa. Da suka fito da mu daga mota, wayoyi suka fara karɓewa. Ɗaya ya tsuguna yana bin saƙonni, alat na banki yake nema. Tawa ba komai sai gaisuwar Juma'a, ya wurgo mini ita. Matar da ke kusa da ni, mai man gyaɗa daga Bilbis, tata ta nuna ɗanta ya turo mata kuɗi. Da ita suka shiga daji.

Kafin nan saƙar kayan jarirai nake koya wa mata gida-gida, daga Tsafe har Nahuce. Da na dawo Gusau wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata, kowa ya ce in bar sana'ar, in gode wa Allah da raina. Na gode masa, amma ban bari ba. Na shiga ɗaukar darussan a bidiyo, hannuwana kawai da zare da kwarashi, ba fuska.

Ɗan Inna, wanda nake kira Yaya, yana da shagon kwamfuta. Shi ya buɗe mini shafi a intanet. Saura ƙaramar manhajar da ake liƙa wa shafin ta kulle darussan, sai wadda ta biya kuɗin wata za ta shiga. Ya kira ni shago in zaɓa.

"Zo ki gani, Hajiya mai kamfani," ya ce, yana juyo mini kwamfutar. "Wagga ita ce ta manya. Mace ta sa katin bankinta sau ɗaya, shi ke nan. Duk wata ita za ta cire da kanta, ta tura mata saƙon godiya. Ke kina kwance kina shan fura."

"Saƙon, ina yake zuwa?"

"Wayarta mana. Ko wayar kakarki?"

"A kashe shi."

"Namu za a iya kashe shi. Na banki fa? Ni ne gwamnan banki?"

Na san alat. Ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya faɗi abin da ya rage a asusu. Ɗalibaina kuwa matan Magami ne da Nahuce da ƙauyukan Tsafe, masu bin hanyar nan ranar kasuwa. 

"Ba na son ta. Nuna mini wata."

Ya ja tsaki, ya buɗe wata mara kwalliya. Ba ta karɓar kati, ba ta tura komai. Ni zan buɗe wa kowace mace da hannuna, in rufe in watanta ya ƙare.

"Ki sayi mota ki riƙa turawa ke nan," ya ce. "Za su manta su biya, ki yi ta bin su da kira kamar mai adashe. Wallahi ƙanwata, tsoro ne ke yi miki zaɓe."

"Tsoron ne. Kai an taɓa kwantar da kai ruf da ciki a kan kwalta, ana karanta wayarka?"

Na nuna mara kwalliyar a allon, na ci gaba.

"Mace ta kai kuɗinta a hannu wurin mai POS, shi ya turo, ta kira ni in buɗe mata. Ko ka sa wannan, ko in kwashe bidiyona in kai wani shago."

Ya sa ta, yana gunaguni.

Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Wasu sun manta, wasu sun ga wahala sun tafi, kuma farkon kowane wata wayata ba ta hutawa. Har yau in ya gan ni ina fama sai ya ce, "Sannu da tura mota." Ban canza ba, ba kuma zan canza ba.

Kwanan baya wata mata ta kira daga Magami, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce tana son koyon hular jarirai, amma mijinta ya hana a bar komai na kuɗi a waya.

"Malama, in na biya, mi zai shigo mini?"

"Ba abin da zai shigo," na ce.

Ta ce to in buɗe mata, maƙwabciyarta ma tana tafe.