Yaya Hamisu da Nauyin Hasken Ƙwan Lantarki

Duk wanda ya taɓa kai buhun riɗi siton ƙungiyar manoman garinmu ya san abin da Yaya Hamisu yake yi kafin ya ɗora komai a kan sikeli. Zai goge shi da gefen rigarsa, ya hure shi, sannan ya miƙa hannu ya kashe ƙwan lantarkin da ke rataye a sama. Siton ba taga, saboda haka da rana tsaka sai mu tsaya cirko-cirko cikin duhu da buhuna a kafaɗa, shi kuwa yana haska lambobin da tocila daga gefe. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya muka fito, kuma ba wanda ya kai ni shan haushin wannan ɗabi'a. In na ce ku mutanen garinmu ba ku yi masa adalci ba, ku san ba son kai ne ya sa ni magana ba.

Kimiyya ya koyar a wata sakandare wajen Makoda har ya yi ritaya. Da ya dawo gida, ku da kanku kuka ba shi riƙon sikeli, kuka ce shi ne wanda ba zai cuci kowa ba. Ranar da ya fara kashe mana ƙwai na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Haske yana danna buhu."

"Me yake yi?"

"Yana danna shi ƙasa, Iro. Duk abin da haske ya sauka a kansa, tura shi yake yi. In na auna a ƙarƙashin ƙwan nan, na sayar wa mutum riɗi, na haɗa masa da haske."

Na ajiye buhuna na ce to ya faɗa mini nawa ne nauyin, don in sani. Kuskuren da kowa ke yi da Yaya ke nan, tambaya. Ya ja ni waje, ya karya karan dawa, ya durƙusa yana zane a ƙasa.

"Ƙwan nan wat sittin ne, tsakaninsa da buhu kamar mita ɗaya. Haskensa ko'ina yake bazuwa, kamar ka rataye shi a tsakiyar ƙatuwar randa. In ka raba sittin ɗin ga faɗin cikin randar, kowane murabba'in mita zai samu kusan wat biyar. Sai ka raba wannan da gudun haske, kilomita dubu ɗari uku a daƙiƙa guda."

"Yaya, da Hausa."

"Ka ɗauki ƙwayar riɗi ɗaya, ka raba ta gida dubu biyu. Kashi ɗaya, shi ne abin da hasken zai danna a kan 'yar tabarma. A kan buhu bai ma kai haka ba."

Na ce, "A kan wannan ka tsayar da magidanta a duhu? Kuma ai mu abin yake ƙara wa nauyi, mu manoma, 'yan'uwanka."

Ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Kaɗan ne, amma ba babu ba ne."

Maganar da ya mutu da ita a baki ke nan. Wani ya taɓa ce masa a fito da sikelin waje mana a huta. Ya dube shi da tausayi ya ce rana ta ninka ƙwan nan wajen sau ɗari biyu, yana so ya mai da shi babban ɓarawo ke nan. Muka koma duhunmu.

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne ranar gashin kaza. Surutu ya yi yawa a gari, ana cewa boko ya taɓa masa kai. Ni na je na same shi na ce, "Yaya, in gaskiya ne, ka nuna musu su gani, a daina zagin gidanmu." Ya ce ba zai ganu ba. Na nace har ya yarda a gwada. Dattawa suka cika zaurensa, aka rufe ƙofa, aka ɗaura gashin kaza a zare kusa da ƙwan, aka kunna. Ba a jima ba gashin ya fara lilo. Zaure ya ɗauki salati. Wani tsoho ya ce, "Ashe Malam gaskiya yake faɗa." Ni kuwa har na fara gyara zaman hulata.

Sai Yaya ya ce, "A'a. Wannan ba haske ba ne."

Na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafarsa ya ci gaba.

"Zafin ƙwan ne ya ɗumama iska, iskar ta kaɗa gashin. Turin haske bai isa ya motsa shi yadda za ku gani ba. Kada wanda ya fita ya ce ya ga abin da bai gani ba."

Tsohon nan ya ce, "To me ka tara mu mu gani?"

"Iro ne ya tara ku."

An kawo masa nasara har zaure, ya sa hannu biyu ya mayar. Na daɗe ban shiga gidansa ba, don in na gan shi sai abin ya dawo mini sabo.

Daga nan ne Alhaji Bala, shugaban ƙungiya, ya samu ƙofa. Da kaka ya sa aka kafa wani ƙaton ƙwan sola daidai saman sikelin, marar wurin kashewa, wai ci gaba ne. Ranar da mai saye ya zo daga Kano da motarsa, Yaya ya ce ko a ja sikelin gefe, ko a rufe ƙwan da kwali. Jan sikeli gefe fa, abin da mutum biyu za su yi kafin ka gama hamma. Alhaji Bala ya ce ba za a kunyata gari a gaban baƙo ba. A nan, a gaban mai sayen da Yaya yake karewa, Alhaji ya nemi makullin sito ya ce, "Malam, je ka gida ka huta, za mu yi maka addu'a." Kuna wurin, da yawanku. Kun yi dariya, na ga haƙoranku. Yaya ya miƙa makulli, ya ce a riƙa goge sikelin kafin awo, ya tafi.

Ban taɓa jin ya zagi kowa a kan wannan ba. Ni na yi zagin a madadinsa, har da na gobe. Shi kuwa sai ya sayo ƙaramin sikelin ratayawa ya ɗaura a rumfar bayan gidansa, wai don riɗinsa. Riɗin nasa buhu nawa ne? Amma duk kaka sai in ga amalanke tana zagayawa ta lungu. Mutum zai kawo kayansa a ɓoye Yaya ya auna masa, ya riƙe nauyin a kansa, sannan ya kai sito, don kada a yi masa ƙwange. Na ce, "Yaya, kore su. Ba su suka ce kai taɓaɓɓe ne ba?"

Ya ce, "Buhun bai ce ba."

Ranar zaman makokinsa, Alhaji Bala ya zo ya zauna a kan tabarma kusa da ni, ya shafa addu'a, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mutumin kirki ne, sai dai lalurar nan da Allah ya ɗora masa."

Na so in yi shiru saboda wurin da muke. Ban iya ba. Na ce, "Alhaji, buhunan da ake shigowa da su ta lungu da sassafe, masu jan fenti a baki, na wa ne?"

Ya kawar da kai, don kowa ya san alamar buhunansa ce. Na duba fuskokin da ke wurin, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, don kusan ba wanda amalankensa ba ta san lungun nan ba. Abin da ya sa na rubuta wannan ke nan. Ku yi masa dariya in kuna so, ni ma ina yi, wani lokacin har da hawaye. Amma kada in ƙara jin kalmar lalura a kan ɗan'uwana. Wanda kuka amince wa da abincin 'ya'yanku a ɓoye, ku faɗi sunansa daidai a fili.

Ya Allah, bawanka Hamisu ya ji tsoron tauye wa mutane abin da ido ba ya gani. Ranar da za a auna nasa, ka nauyaya masa mizani da rahamarka, ka haskaka kabarinsa. Ka sada mu da shi cikin aminci.