Tafin da Ba Mu Yi wa Kawu Ba

Shekara tara ke nan da muka kai Kawu Mamman makwancinsa a nan Riyad. Duk shekara idan watan ya zagayo, nakan sa a dafa shinkafar kabsa in kai gidan da 'yan garinmu ke taruwa a unguwar Jaradiya, a ci, a yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. A bana ma an yi hakan, sai dai akwai baƙo a cikinmu. Daga Sifaniya ya taso saboda Kawu, ya koma ya bar ni da kunyar da na rasa inda zan ajiye ta, shi ya sa na kawo ta jarida.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya bar Jibiya yana saurayi, ya bi manyan motoci ta Agadas har bakin teku, ya tsallaka. A kudancin Sifaniya akwai wani yanki mai rairayi da duwatsu, inda a zamanin ake ɗaukar fina-finan kaboyi da na yaƙin sahara. Can ya fara da riƙe dawakai da raƙuma, har ranar da aka rasa wanda zai tsaya da mashi a ƙofar fada, aka ce ga dogo nan, a naɗa masa rawani. Daga nan bai bar gaban kyamara ba sai da gemunsa ya yi fari. Ya fito a dogari, ya fito a bawa, ya fito a ɗan fashin teku. Da harkar ta koma talabijin sai ya zama maigadi, ko mai tallan agogo, ko maƙwabcin da ke buɗe ƙofa ya ce bai ga kowa ba. Yakan ce tun da aka halicci Bahaushe ba a taɓa kashe wani kamar yadda aka kashe shi ba. An harbe shi, an sare shi, an jefo shi daga kan bene, kuma kullum da yamma sai ya tashi ya karkaɗe riga ya tafi shan kofi.

Wannan barkwancin a mota yake yi mini shi, mu biyu. A majalisar 'yan garinmu ban taɓa jin ya yi ba.

Da ƙarfi ya fara ƙarewa, kiran aiki ya ja baya, sai ya ce yana so ya ƙarasa kwanakinsa inda zai riƙa jin kiran salla daga ɗaki. Ni direba ne a wani gida a unguwar Suwaidi. Kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya taimaka aka yi masa iƙama, takardar izinin zama, ya samu aiki a wani shagon turare da carbi a kasuwar Dira. 'Yan majalisa suka sa masa suna Ɗan Andalus, sunan Sifaniya a zamanin da Musulmi suka mulke ta. Kowa ya san aikin da ya yi, kuma kowa ya yarda a kira shi kasuwanci. A lokacin babu gidan silima ko ɗaya a garin nan, kuma a wurinmu ɗan wasa bai wuce maroƙi da ya samu takalmi ba. Muna son Andalus ƙwarai, amma ta littattafai. Sai a zaunar da shi a yi ta tambayarsa tsoffin masallatai, da ko gaskiya ne har yanzu akwai rubutun Larabci a jikin bango. Yana amsawa cikin haƙuri. Tasa Andalus ɗin, wadda ya ci ya sha ya tsufa a cikinta, babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Yau kuwa, ni da kaina nake kai 'ya'yan gidanmu silima ran Alhamis, in zauna a mota a ƙarƙashin hoton wani ɗan wasa mai tsawon bene uku ina jiransu. 'Yan majalisar da a da ko sunan fim ba sa kamawa, yanzu ana idar da salla za ka ga kowa ya sunkuya kan waya, yana bin wasan da aka fassara daga wata ƙasa, har da musu kan wace ce muguwar. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga haka. Ina jin ba zai ce komai ba. Zai tura hula gaban goshi ne kawai, kamar yadda yake yi idan mai saye ya taya turare da farashin raini.

Baƙon namu sunansa Anselmo. Tare suka yi aiki da Kawu tun suna samari, kuma shi kaɗai ne daga can yake kiransa a waya har ya rasu. Wayar ta dawo hannuna, don haka ni na gaya masa rasuwar, da ɗan Turancina na direba da nasa da bai fi nawa ba. Bai daina kira ba. Da aka buɗe wa baƙi masu yawon buɗe ido ƙofa, sai ya fara cewa zai zo, ni kuma ina cewa Allah Ya kawo ka, irin yadda ake faɗa wa wanda aka tabbata ba zai zo ba. Sai ga shi a filin jirgi, tsoho tukuf da sanda, ya ɗago hannu ya ce mini da Hausa, “Sannu da aiki.” Abin da Kawu ya koya masa ke nan, da shi yake gaida kowa, har ma'aikacin otel.

A hanya ya ba ni labarin rayuwar irinsu. Shi a motar 'yan wasan kwaikwayo ya tashi, suna bin ƙauyuka, su kafa dandali da rana su kwance shi da safe. Daga nan fim, daga fim talabijin. Ya yi saurayin da ake so, ya yi uban saurayin, ya yi kakansa, yanzu kuma in an kira shi, a gado ake kwantar da shi ya yi jinya. Ya ce a sana'arsu babu wanda ke ajiye aiki, waya ce kawai ke daina ƙara. Da yawa daga cikin abokansu sun ƙare a ɗaki ɗaya, mutane na gane fuskarsu a kasuwa amma ba sa tuna sunansu. Abu ɗaya ne, in ji shi, ba a hana kowa. Ranar da ɗan wasa ya mutu, idan aka fito da gawarsa, abokan aiki da mutanen unguwa sukan tsaya a bakin ƙofa su yi masa tafi, babba ne ko ƙarami. Wannan tafin ya kawo wa Mamman, don an binne shi babu shi.

Na gaya masa gaskiya cewa a nan kabari ba ya ɗauke da suna, duwatsu biyu ne kawai, ni kaina ba zan iya nuna na Kawu a cikin layukan ba, kuma maƙabarta ba wurin tafi ba ce. Ya saurara, ya gyaɗa kai, bai yi gardama ba. Ya ce to in kai shi inda Mamman ke zama da mutanensa. Na kai shi tsohuwar fadar Masmak, na zaga da shi kasuwar Dira, na nuna masa shagon turaren, na ɗura masa dabino da gahawa, duk don ya manta. Tsohon nan bai manta ba.

Ran Juma'a bayan la'asar muka shiga tsakar gidan Jaradiya. Mutanenmu sun iya karɓar baƙo, wannan ba za a ƙwace musu ba. Aka ba shi kujera, aka tura masa cinyar kaza. Malam Isuhu, dattijon Maraɗi wanda ya fi kowa daɗewa a garin nan, ya ce, “Abokin Ɗan Andalus na? Ahalan, ahalan. Tare sunka yi kasuwanci ke nan.” Ban fassara wannan ba.

Da aka wanke hannu, Anselmo ya ciro wayarsa ya ce yana da tambayar da ya daɗe yana riƙe da ita. A wani wasan talabijin, sau ɗaya tak, an ba Kawu fage shi kaɗai. Baƙo ne da ya kwana a tashar jirgin ƙasa, ya shiga rumfar tarho zai kira gida. Mai shirya wasan ya ce masa ya yi magana da yarensu, ya faɗi duk abin da ya ga dama, tunda ba mai ji. Anselmo ya ce ranar da aka ɗauki fagen, har masu riƙe fitila sai da suka share ido, da aka nuna shi kuma mutane suka riƙa tsayar da Kawu a titi. Amma har yau babu wanda ya san abin da ya ce, shi kuma in an tambaye shi sai ya yi dariya.

Muka taru kan ƙaramar waya, mu kusan goma sha. Ga Kawu nan, gashi baƙi, cikin wata tsohuwar kwat, ya manna kan tarho a kunne. Sai muka ji Hausar Jibiya tana fitowa.

“Inna, ni ne. Lafiya lau nike, wallahi lafiya lau. Wurin kwana mai kyau, abinci sai wanda na zaɓa. Ki ce ma Hajara ta bar kuka, ina nan tafe.” Ya goge hanci da bayan hannu. “Kada ki tambaye ni aikin. Halak nike ci, Inna, ban taɓa ɗaukar na kowa ba. In mutane sun tambaye ki, ki ce kasuwanci nike.”

Hajara mahaifiyata ce. Inna kuwa, kakata, ta riga ta rasu kafin a ɗauki wannan wasan, kuma Kawu bai samu jana'izarta ba. Babu kowa a ɗaya gefen wayar.

Babu mutum ɗaya a cikinmu da bai taɓa yin irin wannan kiran ba, daga kan siminti ko daga bayan sitiyari, yana cewa lafiya lau. Na ga Malam Isuhu ya ja gefen rawaninsa zuwa ido. Na fassara wa Anselmo kalma bayan kalma. Ya ji, ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya jingina ta da kujera, ya fara tafi.

Tafin mutum ɗaya abu ne mai nauyin ji. A hankali yake yi, da tsofaffin hannuwa, yana kallon wayar da ke kan tabarma. Mu kuma muka sunkuyar da kai. Wani ya yi gyaran murya, wani ya ga lokaci ya yi da zai tattara kofunan shayi. Hannuwana suna kan gwiwata, na ji su sarai, ban ɗaga su ba. Ina kallon Malam Isuhu ta gefen ido, kuma na tabbata wasu ni suke kallo, tunda mamacin kawuna ne. Anselmo ya yi ta yi har hannunsa ya gaji, ya zauna.

Malam Isuhu ne ya cece mu. Ya ce, “Allah Shi jiƙan Mamman. Ku ɗaga hannu.” Muka ɗaga da sauri, kamar waɗanda aka sako daga ɗauri. Da na buɗe ido sai na ga Anselmo ya buɗe tafukansa kamar namu. Bai san kalma ɗaya daga abin da ake karantawa ba, amma da muka shafa, shi ma ya shafa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa tafi ya fi addu'a. Addu'a ce ke isa ga mamaci, ita Kawu ya baro Sifaniya ya zo nema, kuma ya samu. Da tsoron Allah ne ya riƙe mini hannu a ranar, da na kwana da daɗi. Amma na san kaina. Ina tafi a kallon ƙwallo, na yi tafi ranar da ɗan kafilina ya gama makaranta har tafina ya yi ja. Abin da ya riƙe ni shi ne kada a ce ɗan Hajara ya yarda kawunsa ɗan wasa ne, a gaban mutanen da suka daɗe da sanin hakan. Mutanen Sifaniya sun ji fagen nan ba su fahimci ko kalma ba, suka girmama shi. Mu kaɗai ne a duniya muka san abin da ya ce, kuma muka tattara kofuna.

A hanyar mayar da shi otel na yi ta laluben yadda zan ba shi haƙuri da guntun Turancina. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, bai zo da tsammanin komai ba. Ya ce ranar da ya raka Mamman filin jirgi zai taho nan, Mamman ya ce masa, “Mutanena za su wanke ni, su yi mini salla, su binne ni da mutunci, ba za su bar ni ni kaɗai ba. Tafi ne kawai ba za su yi ba. Wannan sai ka zo da shi.” Ya ce alkawari ya zo cikawa, kuma ya cika. Ya sauka, ya leƙo ta taga ya ce mini, “Sannu da aiki.”

To me ya rage na Kawu bayan shekara tara? Kabarinsa ya saje da na maƙwabtansa, shagon turaren ya koma na sayar da waya, rigunansa an rabar. A wasu tsoffin fina-finai yana nan tsaye da mashi, ana ta kashe shi yana tashi. Sai kuma ɗan fagen nan da Anselmo ya tura mini, wanda na aika wa mahaifiyata Jibiya. Ta kira ni washegari. Ba ta yi zancen kasuwanci ba, ba ta tambayi abin da mutane za su ce ba. Ta ce, “Ashe Yaya ya iya abin nan haka? Kun dai yaba masa yana da rai, ko?”

Na ce mata layin ba shi da kyau, zan sake kira.