Ranar da Baba ya ɓace a Makka

Komai zan manta a duniya, ban da ranar da mahaifinmu ya ɓace mana a Makka. Aikin Umara ya zo yi, ya sauka gidana a unguwar Ka'akiyya, lokacin mantuwa ta fara taɓa shi. Tsohon malamin Turanci ne. Sunayen jikokinsa sun fara kuɓuce masa, amma akwai kalma ɗaya da ta ƙi barin bakinsa: "thither". In zai fita sai ya ɗaga sanda, ya nuna hanya, ya faɗe ta. Ya ce ma'anarta "zuwa can", kalmar mai tafiya ce. Turawan da kansu sun daɗe da yar da ita, sai dai a tsofaffin littattafansu, shi kuwa ya tsinta a bakin malaminsa ya riƙe gam. Mu dai dariya muke sha.

Ran nan bayan azahar na leƙa ɗakinsa, ba shi ba sandarsa. Ga maganinsa na ciwon suga nan bai sha ba. Innalillahi! Tsoho, cikin ranar Makka, ko gaisuwar Larabci bai iya ba.

Ni da maigidana muka bazama, muna nuna hotonsa a waya. Wani mai shago ya ce, "Ya hajja, tsoho mai farar jallabiya? Ai garin cike yake da su." Kamar in shaƙe shi, amma gaskiya ya faɗa. Da la'asar muka kai Mansur, inda Hausawa suka fi yawa. Nan ƙarfina ya ƙare, na zube gefen wata dattijuwa mai suyar masa, 'yar Hausawan Sudan, ina kuka.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Na ce mahaifina ne ya ɓace, na miƙa mata wayar ta ga hotonsa, ta ture. "Idona ya yi rauni, 'yar nan. Faɗa min halinsa."

Na fara ba ta labarin sanda, ban ma rufe baki ba ta tafa hannu. "Mai nuna hanyar Harami yana wani yare? Yana cikin gidana! Mu nan ba ma barin tsoho ya wuce shi kaɗai da rana. Sai ya ci, ya huta, masu shi su zo."

Na faɗa gidan ko sallama babu. Ga Baba kan tabarma da kofin kunu, ya tasa mijin dattijuwar a gaba yana koya masa kalmar, bawan Allah sai gumi yake. Baba ya dube ni ya ce, "Ke kuma ina kika shiga tun ɗazu?" Na rungume shi, kuka da dariya suka haɗe min.

Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Abin da ranar ta koya min shi ne, tsohon da ka gani a hanya uban wani ne. Tun daga nan ban sake ganin tsoho shi kaɗai cikin rana na wuce ba, don na san akwai 'yar da ke can tana nemansa.