Ranar da Motar Malam Habu Ta Ƙi Tashi

Ku samari da kuke ganina da ido ɗaya da hannun da ba ya riƙe ko cokali, kada ku ɗauka haka aka haife ni. A da, in ana maganar wayar mota a garejojin Damagaram, dole a ambace ni. Ubana maƙeri ne a unguwar Birni, mutum mai gudun abin kunya, shi ya kai ni koyon aiki. Na iya, kuma na san na iya, abin da ya ja mini ke nan.

Da ƙananan abubuwa na fara. A kawo gyara, in cire sabon buji, wato filogi, in mayar da tsoho, ko in sa tiyo in zuƙe mai kaɗan. Ba wanda ya taɓa kama ni, sai na ɗauka wayo ne Allah ya ba ni.

Sai fari ya zo. Damina ta ƙi, shanu suka zube, mutanen ƙauye suka cika gari. A-kori-kura ta yi daraja domin ita ke kai hatsi ƙauyuka, ɓarayi kuma suka sa mata ido. Ni kuwa na fito da dabara: in yanke wayar da ke kai wa inji wuta, in ja ta zuwa wani ɗan makunni da nake ɓoyewa a cikin motar. In mai ita ya kashe shi, ɓarawo zai yini yana haɗa waya, mota ba ta ko tari. Masu mota suka yi ta tururuwa wurina, ba su san kura suke ba ajiyar nama ba.

Wani dillali, Sale Dogo, mai tsallakar da motocin sata iyaka, shi ya fara zuga ni. Ya ce ba sata zan yi ba, baki kawai zan buɗe in faɗi inda makunni yake. Na buɗe sau uku. Daga nan na ga ni ke da sirri wasu ke cin rabo mai tsoka, na ce gara in ɗauko da kaina.

Malam Habu tsohon direba ne da ya daɗe yana ratsa hamada, yana zaune a wani ƙauye gaba da Droum. Mutanen garinsu sukan sayar da 'yan awakin da suka rage, shi kuma ya shigo Damagaram ya auno musu gero. Ranar da ya kawo mini motarsa in sa mata makunnin ya ce, "Ɗana, ka ɓoye da kyau. Bakin gari guda ne a kan motar nan." Na ce, "Baba, ko aljani ba zai gano ba." Ya yi dariya, ya ɓara goro ya ba ni rabi.

Kowa ya san halinsa, duk inda azahar ta same shi nan yake tsayawa, ko da yana hangen gida. Da wannan ni da Sale muka yi masa tarko. Muka bi shi daga nesa a kan babur, Sale na tuƙi. Ya tsaya gindin wani gawo, tudu ɗaya ne tsakaninsa da garinsu, ya shimfiɗa buzu ya kabbara. Na lallaɓa na shiga, na taɓa makunnina, na haɗa waya, mota ta tashi. Kafin in ja, tsohon nan ya yi sallama ya rugo ya kama ƙofa. Muka haɗa ido, ya ce, "Kai ne, ɗana?"

Na ɗauki ƙarfen kwance taya na buga masa a yatsu, na ji sun karye, bai saki ba. Na buga masa a ka. Na ƙara. Jini ya fantsamo mini har a baki, sannan ya sulale ƙasa. Wallahi a lokacin ban ji tausayi ba, haushi na ji da ya gane ni.

Hanyar iyaka ta gefen garinsu ta bi. Ina gangara tudun, mota ta yi tari biyu ta mutu, daidai bakin rijiya. Sale ya hangi mutane, ya juya babur, ban sake ganinsa ba har yau. Na buɗe gaban mota. Ni mutumin waya ne, don haka waya kawai na tuhuma. Na fizge wannan, na yanke waccan, na hargitsa komai.

Mutane suka fito sun ga gero, mata na guɗa. Na ce musu Malam Habu zazzaɓi ya kama shi a gari, shi ya aiko ni. Har sun fara tura mini motar, sai wata mata ta ce, "Wannan jinin na jikin ƙofa fa?" Ba a rufe baki ba sai ga wani makiyayi ya jawo jaki, Malam Habu na reto a kai.

Ban san wanda ya fara ba. Sanduna, taɓarya, ƙotar hauya, duk sun sauka a kaina. Wani ya danne hannuna na dama a bakin rijiya ya daka shi da dutse. Wani ya zabga mini sanda a fuska, na ji idona ya fashe. Mutanen da yunwa ta rame da su, ban san inda suka samo ƙarfin ba. Na riga na sallama, sai na ji mai gari na ihu, "Ku dakata! Malam Habu na numfashi! Wannan la'anannen bakanike ne, shi zai tada motar a kai shi likita."

Aka ja ni zuwa gaban inji. Matarsa, Inna Hajara, ta durƙusa a gabana, ni da na fasa kan mijinta, ta ce, "Yaro, don girman Allah ka tada ta. Ka kai shi kawai, ba na neman komai wurinka." Tun da nake ban taɓa son wani abu kamar yadda na so motar nan ta tashi ba. Na mayar da wayoyin da hannun hagu, jini na rufe mini gani. Wuta ta kawo, inji na juyawa, amma ya ƙi kamawa, har batir ya mutu. Aka tura, aka sake turawa, a banza. Shanun garin duk sun mutu, sai aka ɗora shi a amalanken jaki. Kafin su kai Droum rai ya yi halinsa.

Washegari jandarma suka zo. Wani dattijo a cikinsu ya sa hannu ƙarƙashin kujerar direba, ya murɗa wani ɗan famfo da bai fi babban yatsa ba. Aka tura sau ɗaya, mota ta tashi. Ashe Malam Habu bai dogara da makunnina kaɗai ba, ya sa wa bututun mai famfo irin na tsofaffin direbobin hamada, in ya sauka sai ya rufe. Ɗan man da ya rage a inji ne ya kawo ni bakin rijiya. Da na duba mai sau ɗaya, da wataƙila ya kai likita da ransa. Nan na yi kuka, kukan da ba shi da amfani ga kowa.

Na shiga kaso da baƙin gashi, na fito da furfura. Ubana ya rasu ina ciki, bai taɓa zuwa ganina ba, ban kuma ga laifinsa ba. Da na fito na tafi ƙauyen a ƙafa, na durƙusa gaban Inna Hajara. Ta dube ni ta ce, "Nawa na yafe. Nasa kuwa, sai kun haɗu."

Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Ku yara masu koyon sana'a, duk wanda ya kawo muku kayansa amana ya kawo, kada ku taɓa ko ƙusa ɗaya da ba taku ba. Wanda ya ce muku baki kawai za ku buɗe, ku guje shi, domin ranar wuya shi zai fara juya babur. Ni gwamnati ta sake ni, amma maganar tsohuwar nan ba ta sake ni ba. Tsufa ya zo, haɗuwar ta kusa, kuma har yanzu ban san abin da zan ce wa Malam Habu ba.