Ranar da Na Kai 'Yata Gwajin In'ina

A shekarun matsin tattalin arziki ne, da muke kira kiris, lokacin da aka sallami maigidana daga aiki a tashar jirgin ruwa, gidanmu na New Bell ya cika da faɗa. 'Yata ta fari tana shekara goma sha biyu, in'ina ta yi mata katutu. In ta tashi cewa “Mama” sai na gama yanka albasa. Ni kuwa ba ni da haƙuri, Allah ya sani.

Wata maƙwabciya ta ba ni labarin wata madam a unguwar Akwa da ke gyaran baki da waƙa. Ranar da za mu je garin a rufe yake saboda yajin aiki, babu taksi, muka taka a ƙasa.

Madam ɗin ta ce yau dubawa kawai za ta yi. Ta kunna rakoda, ta tambayi yarinyar sunanta da unguwarsu. Sunan ya maƙale, har jijiyar wuyanta ta tashi. Ta sa ta karatu, nan ma haka. Sai ta ɗauko 'yar ganga tana bugawa a hankali, ta ce ta rera duk waƙar da take so. Yarinyar ta rufe ido ta kama waƙar gaɗa, tun daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

Madam ta yi murna. Ta yi min bayani da Faransanci cewa haka yawancin masu in'ina suke, kuma alama ce mai kyau. Na yi makaranta, na ji duk abin da ta faɗa, amma raina ya riga ya ɓaci. Abin da ke kaina kawai shi ne shekarun da na yi ina jin kunya a gidajen suna.

Na danne har muka shigo layinmu. A gaban masu tuyar fanke na wanke ta da mari.

“Ashe bakin naki lafiyarsa ƙalau, ni kika mayar mahaukaciya.”

Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, maganar ta ƙi fita. Na tsaya ina kallonta, ban taimake ta ba. Ba mu koma Akwa ba.

Yanzu tana aure a Bonamoussadi, 'ya'yanta uku, in'inar na nan. In jaririnta yana kuka sai ta jijjiga shi shiru. Kwanaki na ce ta ɗan yi masa waƙa mana. Ta miƙo min shi, ta shige kicin.