Fai ɗin Khal na Yaya Verlie

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, ina tsakar aiki a filin haƙar mai na Dakota ta Arewa, 'yarki Glenna ta kira ni. "Kawu Dewey," in ji ta, "Mama ta cika da safen nan." Yaya Verlie, haka labarin rasuwarki ya same ni, hannuna duk baƙin mai, tsakanina da duwatsunmu na Kentucky tafiyar kwana biyu. Ƙanƙara ta rufe hanya, aka binne ki ba ni.

Shekararki goma sha bakwai sa'ad da ramin kwal ya rufta da Baba, ni ina da shida. Mama ba ta daɗe ba ta bi shi. Kamfanin kwal ɗin ya aiko da furanni, ya kuma aiko da takardar mu tashi daga gidansa. Dangi suka zo suka yi kuka mai kyau suka tafi. Ba na ƙullatarsu kamar dā, su ma ba su da shi. Ke dai kika tsaya.

Duk ranar Lahadin da ake cin abinci a harabar coci, kowane gida da abin da yake kawowa, kuma abin kunya ne a zo hannu rabbana. Sai ki kwaɓa fulawa da kitse, ki murza da kwalba, ki shimfiɗa a faranti, ki kaɗa ƙwai biyu da sukari da ruwa, ki zuba ruwan khal cokali uku, ki barbaɗa gyaɗar ƙamshi, ki tura cikin murhu. In aka yanka wainar nan da muke kira fai, kowa ya ce fai ɗin lemon tsami na Verlie ba shi da na biyu. A lokacin kuwa lemon tsami sai gidan shugaban kamfani. Fasto Caudill yakan ce, "Verlie, ɓoye mini yanka ɗaya kafin ƙattin nan su gama da shi, in ba haka ba wa'azin mako mai zuwa a kanki zai sauka."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ranar da na kawo Diane wurin cin abincin coci, 'yar birnin da na aura daga baya, muka kuma rabu. Ina ta ƙoƙarin nuna mata ni na wuce ajin ƙauyen nan. Ta ci yanka guda ta ce, "Yaya, a ina kike samun lemo mai ƙamshi haka?"

Kafin ki buɗe baki na riga ki. "Wane lemo? Khal ne, irin wanda ake goge taga da shi. Abincin talauci ne kawai aka sa masa riga."

Wasu mata a teburin suka ƙyalƙyale da dariya. Kika goge wuƙa a gefen zanen girkinki kika ce, "To, Dewey ya yi boko, ya gano mu. Diane, ƙaro ko kin ƙoshi?" Har kika yi murmushi. Na ɗauka maganar ta wuce.

Sai makon jiya Glenna ta gaya mini ba ki ƙara kai wannan fai coci ba. Shekara talatin da takwas kina shiga mota zuwa gari ki sayo lemon tsami na gaske. Ta ce, "Kawu, kuma wallahi bai taɓa kamo ƙafar na khal ɗin ba. Kowa ya sani, ba wanda ya faɗa." Na zauna na yi ta tunani, na kasa tuno rana ɗaya da kika ce lemo ne. Mu muka faɗa, ke kika bar mu da jin daɗinmu. Sau nawa muka yi waya, ki tambaye ni ko ina sa safa mai kauri, ni in yi ta ƙorafin aiki da sanyi, ban taɓa cewa ki yafe ni ba.

Ranar Lahadi na shiga kicin ɗin masauƙinmu. Ga lemon tsami cike da kwando, ban taɓa shi ba. Na gwada yin fai ɗinki na khal: na farko ya ƙone, na biyu ya ƙi daskarewa, na uku ya tsaya da ƙyar. Na ajiye wa abokan aiki. Ramiro, direban tanka, ya cika bakinsa da shi ya ce, "Tsoho, ashe ban da masifa ka iya wani abu? Lemo ne wannan?"

Na ce, "Khal ne. Na yayata Verlie ne. Da shi ta raine ni."

Ya miƙo farantinsa a ƙara masa. Amsar da ya kamata in ba Diane ke nan, Yaya, na ba da ita a makare, ga mutumin da bai san ki ba.

Allah ya jiƙanki, ya karɓe ki da rahamarsa, ya saka miki da abin da ban saka miki ba. Glenna, ke da ɗan'uwanki Curtis, da jikokin Yaya biyar, da jama'ar cocinmu, Allah ya ba ku haƙuri. In kun taru ranar Lahadi, a yi na khal, a kuma faɗi sunansa.