Ciwon Zuciyar Falken Italiya

Lokacin da nake koyon aikin likitan zuciya a Lyon, shugaban sashenmu wani farfesa ne mai son a ce ya san komai. Ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Wata rana ya kira ni ofis, ya miƙo mini shafi biyu da wani ya fassara masa daga tsohon littafin Italiya na ɗaruruwan shekaru. Labarin wani falke ne da ya ruga ƙofar gari tarbar ɗansa, ya dafe ƙirji, ya faɗi.

"Na gano abin da ya kashe shi," in ji shi. "Bugun zuciya ne ya rikice. Irin na gado. Ki shirya mini hotuna, za mu taron likitoci a Paris."

Wata uku ina wannan aikin banza, ga marasa lafiya na gaske suna jira a layi. Mutumin da ba a taɓa jin bugunsa ba, har zanen gwajin zuciya farfesa ya sa na ƙago masa. Da na ba yayata labari ta waya, ita da ke La Courneuve kusa da Paris, sai ta ce, "To, Allah ya ji ƙansa. Ku ne za ku yi masa wanka?"

A wurin taron ya yi kusan awa guda yana kumbura. Aka tafa. Sai wata tsohuwa ƴar Italiya, malamar adabi, ta ɗaga hannu daga baya.

"Farfesa, ka karanta shafi na uku kuwa?"

Ta ci gaba da cewa:

"Ai suma ya yi. Aka yayyafa masa ruwa, ya tashi. Har aure ya sake a ƙarshen littafin."

Ni dai na sunkuyar da kai, na danne dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Shi kuwa ya gyara tabarau, ya ce wannan ma ya ƙara ƙarfafa ra'ayinsa, tunda irin ciwon yakan fara da suma.

A jirgin ƙasa muna komawa Lyon, tun daga tasha yake zagin mai fassara. Da ya gaji ya juyo kaina, wai me ya hana ni bincika.

Na ce, "Shafi biyu ka ba ni."

Bayan shekara ya buga takardar tasa, ya canza take kawai. Ya cire sunana don ya hore ni. Ranar na saya wa abokan aikina kek.